Ranar da Mai Nono ta Dawo

 Yau gida zan kai ku, can Kurgu a ƙasar Bagudo, dab da iyakarmu da Jamhuriyar Benin.

Mutanenmu da guminsu suke ci: manoman shinkafa a fadama, masunta a Kogin Kwara, 'yan kabu-kabu, 'yan dako, da mata masu turara shinkafa su kai kasuwa. Hausawa, Fulani, Dandawa da Zabarmawa, kasuwa ɗaya muke ci. Wasunmu dangin uwarsu ma suna Segbana, a tsallaken iyaka.

Mun san wuya. Da aka rufe iyaka daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, ciniki ya tsaya, tukunya ta yi sanyi, amma ba mu ji tsoron juna ba. Tsoro ya shigo ne da labarin Lakurawa, musamman bayan harin Mera a ƙaramar hukumar Augie, cikin Nuwamba 2024. Daga nan duk baƙon ido ya zama abin zargi. Ana cikin haka shanu suka shiga gonar wani a ƙauyen da ke kusa da mu. Maganar da a da mai gari zai kashe kafin la'asar, sai ga samari da gorori, har aka ƙona bukkoki a ruga.

Jami'an tsaro sun zo, ƙura ta lafa. Amma 'yan uwa, shiru daban, zaman lafiya daban. Da na je gida na tarar ana rufe shaguna tun magariba, adashen unguwa ya watse, kowa na gaida kowa a tsaitsaye. Bafulatanar da ke kawo mana nono tun ina firamare, wadda muke ce wa Gwaggo, ta ɗauke ƙafa.

Wata safiya Innarmu ta yafa mayafi, ta ɗauki goro da sabulu, ta ce in raka ta. Muka taka har ruga. Da Gwaggo ta hango mu sai ta yi turus. Inna ta ce, "Ƙawa, jaje na zo yi. Abin da yaranmu suka yi bai yi mana daɗi ba." Gwaggo ta daɗe ba ta ce uffan ba, can ta shimfiɗa mana tabarma. Bayan sati biyu muka ji sallamarta a zaure, ƙwarya a ka. Ran nan mata huɗu suka leƙo sayen nono.

To iyayena, ga abin da nake roƙo. Yaron da ya ɗauki gora, daga ɗakin wata ya fito, kuma a bakinmu yake fara jin "waɗancan mutanen". Mu kiyaye harshe a gaban yara. Saƙon murya da ya shigo waya, in ba ki san tushensa ba, kar ki tura. Wanda kika ga take-takensa da gaske, a kai maganarsa wurin mai unguwa, ba majalisar samari ba. Maƙwabciyar da ta ɗauke ƙafa kuwa, kar ki jira ta, ke ki je.

Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.