Ƙoƙon Gwiwa da Rigimarsa Bayan Tiyatar Sauya Gwiwa



Ƙoƙon gwiwa ɗan ƙaramin ƙashi ne da ke zaune cikin jijiyar da ta haɗa tsokar gaban cinya da ƙashin ƙwauri. Aikinsa shi ne ya ɗaga jijiyar daga jikin gaɓa, don tsoka ta miƙe ƙafa ba tare da wahala ba. Idan mutum ya lanƙwasa gwiwa, ƙoƙon yakan zame cikin wani kwarmi a ƙarshen ƙashin cinya, kamar jirgin ƙasa a kan dogonsa. Kayan da yake ɗauka kuwa ba na wasa ba ne: a tafiya kusan rabin nauyin jiki, a hawan bene wajen ninki 3, a tsuguno har ninki 7. Shi ya sa guringuntsin bayansa ya fi na ko'ina kauri a jiki.

Masu ƙera gwiwar ƙarfe na farko ba su kula da shi ba, sai marasa lafiya suka riƙa komawa da kukan ciwo a gaban gwiwa. A 1974 ne John Insall da abokan aikinsa a New York suka fito da samfurin da ake yanke bayan ƙoƙon a manna masa roba. An ci gaba, amma sababbin matsaloli suka biyo baya. A shekarun 1980 aka gwada robar da ke da ƙarfe a bayanta. Ta riƙa cinyewa har ƙarfe ya goga ƙarfe, dole aka yi watsi da ita.

Mafi yawan lokaci laifin ba na ƙoƙon ba ne. Idan likita ya ɗan karkatar da ƙarfen cinya ko na ƙwauri zuwa ciki, sai ƙoƙon ya kauce hanya ya nufi waje, wani lokaci har ya goce gaba ɗaya. Idan kuma aka saki naman gefe don a dawo da shi, ana iya yanke jijiyar jinin da ke ciyar da shi, ƙashin ya mutu ya tsage. In aka rage kaurinsa ƙasa da milimita 12, karaya na kusa. In aka bar shi da kauri fiye da kima, gwiwa ta ƙi lanƙwasuwa.

Har yau likitoci ba su daidaita ba kan manna wa ƙoƙon roba. A Amurka yawanci ana sa robar, a Suwidin da Nowe kuwa da wuya a sa, kuma kowane ɓangare na da hujjarsa.

Ga mai sujada, mai zama a tabarma, mai tsuguno a bayi, maganar ta fi nauyi, domin da yawa daga waɗanda aka yi wa tiyatar durƙuso na ba su wuya. Don haka duk wanda za a yi wa, ya zauna da likitan ƙashi tun kafin ranar, ya tambaye shi me za a yi wa ƙoƙon, da yadda sallarsa za ta kasance bayan ya warke.