WAKILIN DA BA YA TAMBAYA BA WAKILI BA NE

 

Zaɓe ya ƙarato, kuma duk inda ka zauna maganar ɗaya ce: wa zai zama Shugaban Ƙasa, wa zai zama Gwamna. Takardar ɗan majalisa kuwa, da yawa daga cikinmu dangwala ta kawai muke yi don a ce mun gama mu tafi gida. To, a kan wannan takarda nake so in yi magana, domin rijiyar garinku da ɗakin shan maganinku da rufin makarantar 'ya'yanku duk suna rataye a jikinta.

Ina dalili? Minista ba ku kuka zaɓe shi ba, naɗa shi aka yi. Bai zo ƙofar gidanku neman ƙuri'a ba, watakila ma bai taɓa jin sunan garinku ba, amma a hannun ma'aikatarsa kuɗin hanya da na taki da na magani suke. Mutum ɗaya ne doka ta ba ku wanda zai iya tsai da ministan nan a gaban jama'a ya ce da shi, "Ranka ya daɗe, ina kuɗin?" Wannan mutum shi ne wakilinku. In ya yi shiru, ku ne kuka yi shiru.

ABIN DA DOKA TA CE

A Jamhuriya ta Farko, kafin soja su karɓi mulki a 1966, minista ɗan majalisa ne. A zaure ɗaya yake zama da masu yi masa tambaya, ko a Ikko ko a Zauren Lugga na Kaduna, ba shi da wurin ɓuya. Daga 1979 muka koma tsarin shugaba mai cikakken iko, aka raba minista da majalisa. Amma ba a sake shi ya yi yadda ya ga dama ba. Tsarin Mulki na 1999 ya sa masa linzami har huɗu.

Na ɗaya, sashe na 147 ya ce ba wanda zai zama minista sai Majalisar Dattijai ta amince da shi. Na biyu, sashe na 67 ya wajabta wa minista ya zo majalisa in an gayyace shi, ya yi bayanin yadda yake tafi da ma'aikatarsa. Na uku, sashe na 88 da na 89 sun ba majalisa ikon bincike don tona cin hanci da rashin iya aiki da almubazzaranci, da ikon aika sammaci, har da ba da takardar kamo wanda ya ƙi zuwa. Na huɗu, sashe na 85 ya ce Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya majalisa zai miƙa wa rahotonsa. A jiha ma haka abin yake tsakanin Majalisar Dokoki da kwamishinoni, ku duba sashe na 128 da na 129.

Watau linzami yana nan, kuma mai ƙarfi ne. Muna da dattijai 109 da wakilai 360 a Abuja. Abin tambaya shi ne, a cikinsu mutum nawa ne suke jan linzamin?

TAMBAYA TANA DA AMFANI

Kada wani ya ce muku surutu ne kawai. A watan Agusta na 1950 wani malamin makaranta daga Bauchi, Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, ya miƙe a Majalisar Jihar Arewa ya nemi a binciki yadda En'e take mulkin talakawa. A lokacin nan faɗar haka sai mai ƙarfin hali. Aka yi binciken, aka shiga gyare-gyare, har aka kai ga Dokar En'e ta 1954. Bai ɗauki bindiga ba, miƙewa ya yi ya yi magana a inda doka ta ba shi ikon magana.

Ku tuna kuma da 2012. Ranar 1 ga Janairu gwamnati ta janye tallafin man fetur, jama'a suka fito kan titi a Kano da Kaduna da Ikko. Majalisar Wakilai ta kafa kwamiti, aka kira ministar kuɗi da ministar man fetur da manyan kamfanin mai na ƙasa, aka yi musu tambayoyi duniya tana kallo a talabijin. Nan ne talaka ya ji cewa naira biliyan 245 aka sa a kasafin 2011 don tallafin, amma abin da aka biya ya haura naira tiriliyan 2. Da ba a tambaya ba, wa zai gaya muku?

Sai dai labarin yana da wutsiya, kuma ba zan ɓoye muku ita ba. Shugaban kwamitin nan, Farouk Lawan, kotu ta same shi da laifin karɓar cin hanci na dala 500,000 a 2021, Kotun Ƙoli kuma ta tabbatar da ɗaurin shekara 5 a kansa a 2024. Darasin a fili yake. Mai tambaya ma sai an sa masa ido, in ba haka ba sammacin majalisa ya zama ƙoƙon bara.

INDA SHIRU YA KAI MU

Ana ce mana ana raya tattalin arziki. Madalla. Ku je Kakuri a Kaduna. Masaƙar Kaduna Textiles da aka buɗe a 1957 ta rufe a 2002, UNTL ta bi bayanta a 2007, dubban magidanta suka koma gida hannu rabbana, manomin auduga na Funtuwa da Gusau ya rasa mai saye. Ministocin ciniki da masana'antu nawa aka yi tun daga nan, kowanne da alkawarin farfaɗo da masaƙu? Wanne aka dawo da shi bayan shekara guda aka ce ya ƙirga masaƙun da suka tashi?

Ku dubi Ajaokuta. Tun 1979 aka ba kamfanin Tarayyar Sobiyat kwangilar gina masana'antar ƙarfe. Tarayyar Sobiyat ɗin ma ta rushe a 1991, mu kuwa har yanzu ba a narka ƙarfe a can yadda aka tsara ba. A 2022 gwamnati ta yarda ta biya wani kamfanin waje dala miliyan 496 don kashe rigimar kwangila a kan harkar. Majalisu sun yi zama a kanta ba sau ɗaya ba, amma tambayar da ba a bi sawunta ba kamar shuka ce ba noma.

Mu dawo gida, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Dokar ilmin bai-ɗaya ta 2004 ta ce a ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar Tarayya don makarantun firamare da ƙananan sakandare, amma sai jiha ta ajiye nata rabon kafin ta karɓa. Shekara da shekaru biliyoyin naira suna kwance a asusun hukumar UBEC saboda wasu jihohi ba su ajiye nasu ba, alhali yara suna karatu a ƙasa. Na riƙe alli, na san ajin da damina take korar ɗalibansa. Wa zai tambayi kwamishinan ilmi dalili in ba ɗan majalisar jiha ba?

Dokar Lafiya ta 2014 ta ce a ware aƙalla kashi 1 cikin 100 don kula da lafiya a matakin farko, watau irin asibitin da matanmu suke zuwa awon ciki. Sai a kasafin 2018 aka fara sa kuɗin. Shekara huɗu doka tana kan takarda, mata suna haihuwa da fitilar hannu.

Ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye, kuma ba a yarda gwamna ya ɗora kantoma a maimakon zaɓaɓɓen shugaba ba. Hukunci ya yi kyau. Amma hukunci ba ya haƙa rijiya, ba ya kwashe shara a kasuwa. Sai an sami mai tambayar ministan kuɗi nawa aka tura, a wane asusu, wane wata, sa'an nan ku ma ku tambayi ciyaman abin da ya yi da shi.

ME YA SA SUKE SHIRU?

Tun ran gini tun ran zane. Ana kai sunan wanda za a naɗa minista gaban dattijai ba tare da an faɗi ma'aikatar da za a ba shi ba, to a kan me za a gwada shi? Wani ma ce masa ake yi ya rusuna ya wuce, don ya taɓa zama ɗan majalisa. Wanda ya shiga ba tambaya, yaya za a yi ya ji tsoron tambaya daga baya?

Sa'an nan ga ayyukan mazaɓu. Ɗan majalisa ya cusa aiki a kasafin wata ma'aikata, gobe ya je ofishin minista yana roƙon a saki kuɗin, jibi kuma a ce shi ne zai binciki ministan. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Tun 2019 hukumar ICPC take bin sawun irin waɗannan ayyuka, ta kuma tarar da waɗanda aka biya aka yi watsi da su.

Na uku kuwa yana wuyanmu. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Muddin abin da muke nema wurin wakili shi ne buhun shinkafa da kuɗin suna da atamfar Salla, to zai nemo su ne daga hannun wanda ya kamata ya bincika. Taliyar ranar zaɓe kwana biyu take yi a gida, shirun da aka saya da ita kuwa shekara huɗu yake yi.

ABIN DA ZA KU YI

Duk ɗan takarar da ya zo muku, namu ne ko na wasu, ku zaunar da shi a kan tabarma ku tambaye shi. In tsohon wakili ne, ya faɗi kwamitin da ya zauna, da ministan da ya taɓa yi wa tambaya a kan mazaɓarku, da amsar da aka ba shi. In sabo ne, ya faɗi abin da aka sa wa ƙaramar hukumarku a kasafin bana. Wanda bai sani ba, bai shirya ba.

Ku sa shi ya yi alkawari a gaban shaidu cewa a kan kowane aiki zai nemo amsa biyar: nawa aka ware, nawa aka saki, wa aka ba kwangila, ina aikin yake, yaushe za a gama. Ya kuma riƙa dawowa gida duk bayan wata uku ya karanta muku amsoshin da Hausa a dandalin gari.

Samari masu boko, ku ma kuna da makami. Dokar 'Yancin Samun Bayani ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa ikon rubuta wa ma'aikatar Tarayya takarda ya nemi bayani, kuma doka ta ba ta kwana 7 ta amsa. Ku rubuta, ku ajiye kwafi, ku karanta wa iyayenmu abin da aka ce. Mata, ku kuka fi kowa sanin asibitin da ba ungozoma da famfon da ya kafe, don haka ku fara tambaya kafin maza.

Sashe na 69 ya ba ku ikon yi wa wakili kiranye, amma sai fiye da rabin masu rajista a mazaɓa sun sa hannu, abin kuwa da wuya. Mai sauƙin ita ce ranar zaɓe. Ku adana katinku, ku fito da sassafe, ku duba takardar ɗan majalisa da kyau kamar yadda kuke duba ta Shugaban Ƙasa, ku tsaya a ƙirga a gabanku. Ku ba mai iya miƙewa ya yi tambaya, ko da ministan ɗan jam'iyyarsa ne, domin gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Allah ya ba mu wakilai masu baki da kunya da tsoron haƙƙin jama'a. Allah ya sa a yi zaɓe lafiya a gama lafiya.