Bizar Aiki Da Yawon Buɗe Ido: Ƙofar Da Shekaru Ke Rufewa

Wannan shi ne jawabin da ɗaya daga cikin yayyenmu, tsohuwar sakatariyar ƙungiya, ta gabatar a walimar cikar ƙungiyarmu shekara goma a Toronto. Mun kawo shi yadda ta faɗa, sai ɗan gyaran rubutu.



Shugaban taro, iyayenmu maza da mata, malamanmu, shugabannin ƙungiya na da da na yanzu, ƙannena ɗalibai, barkanmu da warhaka, barkanmu kuma da ganin wannan rana. Allah Ya maimaita mana, Ya saka wa waɗanda suka kafa wannan ƙungiya da alheri.

An ba ni minti ashirin in yi magana a kan bizar da ke ba matashi ɗan Kanada damar zuwa wata ƙasa ya zauna shekara ɗaya ko biyu, yana aiki yana zagaya ƙasar. Turawa suna ce mata Working Holiday. Da ita na zauna a Ostireliya daga 2017 zuwa 2019, shi ya sa aka ɗora mini wannan nauyi. Abin da nake so ku tafi da shi yau shi ne: fasfon da ke cikin durowarku ya ba ku wata dama wadda shekaru ke ƙwacewa, kuma mafi yawan ƙasashe sau ɗaya tak suke ba mutum ita. Wanda zai yi amfani da ita sai ya shirya da wuri, ya kuma bi abubuwa ɗaya bayan ɗaya.

Shirin yana ƙarƙashin ma'aikatar shige da fice ta Kanada, sunansa International Experience Canada, ana taƙaita shi IEC. Ya samo asali tun 1951, daga musayar matasa tsakanin Kanada da Jamus bayan yaƙin duniya na biyu. Yau Kanada tana da irin wannan yarjejeniya da ƙasashe fiye da 30. Ba ni gishiri in ba ka manda ne: matasansu su zo nan su yi aiki, namu su je can. Da yawanku kun yi aiki tare da 'yan Faransa ko 'yan Ostireliya a gidajen abinci na garin nan, to da wannan bizar suka shigo. Hanyar da suka biyo suka zo, ita ce a buɗe muku ku tafi.

Sharaɗi na farko, kuma a nan nake so kowa ya kasa kunne, sai ɗan ƙasa. Wanda ya zo da bizar karatu ba ya ciki. Mai katin zama na dindindin, wato PR, shi ma ba ya ciki, domin fasfo ake dubawa, kuma Najeriya da Nijar da Gana ba sa cikin jerin ƙasashen shirin. Ƙanina mai PR, shawarata ka zauna ka cika kwanakinka. Neman zama ɗan ƙasa yana buƙatar kwana 1,095 a cikin Kanada a shekara biyar ɗin da suka gabaci ranar da ka nema. Ka gama wannan tukuna, ka yi rantsuwa, ka karɓi fasfo, sannan ka zo mu yi maganar tafiya.

Sharaɗi na biyu shi ne shekaru. Ƙa'idar Kanada daga 18 zuwa 35 ce, amma kowace ƙasa da tata iyaka. Ostireliya da Niyu Zilan da Faransa da Jamus suna karɓar ɗan Kanada har 35. Birtaniya ma ta ɗaga tata daga 30 zuwa 35 a farkon 2024. Japan kuwa 30 ne. Wanda ke mafarkin Tokyo yana da shekara 29, to yau ne lokacin fara tara takardu.

Sai wurin da mutane suka fi ruɗewa. Ba gwamnatin Kanada ke ba da bizar ba. Shafinta na intanet zai nuna maka ƙasashen da sharuɗɗansu, amma wurin ƙasar da za ka je za ka nema, da fom ɗinta, da kuɗinta, da dokarta. Bari in kawo guda huɗu, don ku ga yadda suka bambanta.

Ta Ostireliya ana kiranta biza mai lamba 417. A intanet ake cike komai, kuma dole kana wajen ƙasar lokacin da ka nemi ta farko. In an ba ka, kana da wata 12 ka shiga, ranar da ka sauka kuma lissafin shekararka ya fara. Ko ka fita ka dawo gida biki, kwanakin suna ta tafiya, ba a mayar maka da su. Ana so ka nuna kusan dalar Ostireliya 5,000 da kuɗin tikitin fita. A ƙa'ida ba za ka wuce wata shida wurin mai aiki ɗaya ba, karatu kuma wata huɗu ne iyaka. Mai son shekara ta biyu sai ya yi kwana 88 yana aiki irin wanda suka ƙayyade, kamar na gona, a yankunan karkara. Shekara ta uku tana buƙatar wata shida na irin wannan aikin.

Ta Birtaniya sunanta Youth Mobility Scheme. Shekara biyu ce, ɗan Kanada kuma zai iya ƙara ɗaya. Sai ka nuna fam 2,530 sun zauna a asusunka kwana 28 a jere. Ku lura da wannan kalma, a jere. In kuɗin suka sauka ƙasa da haka ko na yini ɗaya ne, lissafi ya koma farko. Don haka dabarar kawu ya tura maka kuɗi yau ka buga takardar banki gobe ka mayar masa jibi ba ta aiki. Akwai kuma kuɗin kiwon lafiya da ake biya gaba ɗaya tun wurin neman bizar, na duk shekarun da za ka yi, kuma sun fi kuɗin bizar kanta yawa nesa ba kusa ba.

Niyu Zilan tana ba ɗan Kanada har wata 23, tana so ta ga dalarta 4,200. Japan kuma ba a gama ta a kwamfuta. Da ƙafarka za ka je ofishin jakadancinsu a Ottawa, ko ƙaramin ofishi irin na nan Toronto, da takardar tsarin yadda za ka tafiyar da zamanka. Sun kuma hana mai wannan biza aiki a mashaya da gidajen rawa da na caca. Alkaluman nan suna canzawa, saboda haka ranar da za ka nema ka sake dubawa a shafin gwamnatin ƙasar, ba a bidiyon wani ba.

Yanzu ga abubuwa uku da suka fi shafar mu 'ya'yan wannan ɗaki.

Na ɗaya, suna. Mu ne za ka ga Muhammad a fasfo, Mohammed a takardar makaranta, Mamman a katin banki. Aishatu a nan, Aisha a can. Ka rubuta sunanka harafi da harafi yadda yake a fasfon Kanada, in fom ya tambayi wasu sunayen da aka san ka da su, ka lissafa su duka.

Na biyu, zaman da muka yi a gida. Da yawanmu an tura mu wurin kakanni a Kano ko Damagaram ko Kumasi, wasu don Islamiyya, wasu don dogon hutu. Niyu Zilan tana neman hoton ƙirji daga wanda ya yi fiye da wata uku, a shekara biyar da suka wuce, a ƙasar da ba ta cikin jerinsu na masu ƙarancin tarin fuka. Likitan da suka amince da shi ne zai yi, ba kowane likita ba. Ostireliya kuma tana iya neman takardar 'yan sanda daga duk ƙasar da ka zauna wata 12 ko fiye a shekara goma da suka wuce. Kun san takarda daga gida ba ta zuwa a mako ɗaya. Ku faɗi gaskiya a fom, ku ba abin lokaci. Ɓoye tafiya na iya jawo a hana ka bizar, kuma tambayar ko an taɓa hana ka biza za ta bi ka zuwa kowane fom na gaba.

Na uku, masu fasfo biyu. Da na Kanada ka nema, da shi ka tafi. A Ostireliya ba a manna komai a fasfo, bizar tana ɗaure ne da lambar fasfonka a na'urarsu. In ka sabunta shi bayan an ba ka, sai ka sanar da su. Mafi sauƙi, ka karɓi mai shekara goma tun kafin ka fara.

Tsarin da nake ba kowa shi ne: fasfo, ajiyar kuɗi, takardu, biza, inshora, sannan tikiti. Tikiti ne na ƙarshe. Kada arahar jirgi ta ruɗe ka ka saya kafin amsa ta fito. Kuma ba ka buƙatar ɗan tsakiya. Akwai shafukan da suka yi kama da na gwamnati suna ninka kuɗi a kan fom ɗin da za ka iya cikewa da kanka a zama ɗaya. In kana son taimako wurin samun aiki ko masauki, IEC ta lissafa ƙungiyoyin da ta amince da su a shafinta, ka zaɓa daga nan.

Kanada ma ba ta sake ka ba don ka hau jirgi. Katin lafiyarka na Ontario yana da sharaɗin kwana 153 a cikin lardin a kowane wata 12, don haka ka je ServiceOntario kafin ka tafi ka nemi izinin dogon rashi. Ka sayi inshorar lafiya ta duk tsawon zamanka. Hukumar haraji tana duban alaƙar da ka bari a nan, kuma mai yiwuwa ne ka ci gaba da cike takardar haraji kafin 30 ga Afrilu kana can. Bashin karatu kuwa, bayan wata shida da gama makaranta za a fara neman ka, ko kana Sidni ko kana Landan. Ka kuma yi rajista a tsarin 'yan Kanada mazauna waje. Kyauta ne, kuma da shi ake nemo ka in wani abu ya faru.

Aikin kwana 88 ɗin nan, ni a Mildura na yi nawa, a jihar Victoria, a rumfar da ake tantance lemo ana zubawa a kwali. Aiki ne na tsayuwa daga safe har yamma. A can na ga wani ɗan kwangila yana biyan wasu abokan aikina kuɗi a hannu ba takardar albashi. Da suka zo neman shekara ta biyu, ba su da shaidar kwanakin da suka yi, aikin makonni ya tafi a banza. Kowace takardar albashi ka ɗauki hotonta ka adana. Kada ka ba kowa fasfonka ya riƙe. Akwai hukumar kare haƙƙin ma'aikata, Fair Work Ombudsman, kuma mai biza ma yana da ikon kai ƙara. Kafin ka karɓi aikin gona ka tambaya me ake nomawa kuma ina ake kai shi, domin inabi da yawa na giya ne. Ka kuma tuna lokutansu sun saɓa da namu, Disamba zuwa Fabrairu ne tsakiyar zafi. Ka duba inda azumi zai faɗo kafin ka zaɓi watannin gonarka.

Iyayenmu, yanzu gare ku. Na san kalmar hutu ce ke tsaya muku a rai. Ni ma da na kai wa Baba maganar, cewa ya yi, "Hutu kuma? Wane aikin kika yi da har kika gaji?" Yana da gaskiya. Ku kun bar gida, kun yi layi a ofisoshin jakadanci, kun sha sanyi don mu zauna wuri ɗaya mu ginu. Ga shi yaro ya gama jami'a ya ce zai je tsinkar lemo. Abin da ya sa Baba ya sa mini albarka takarda ce mai shafi biyu: nawa na tara, nawa zan kashe a wata, ina zan sauka, wane iyali ne aka haɗa ni da su kusa da masallacin Lakemba a Sidni, da ranar dawowata. Roƙona, in ɗanku ko 'yarku ya zo da wannan magana, ku nemi irin wannan takarda. In ya kawo ta a cike, ku saurare shi. In ya kasa, ku da kanku kun ga bai shirya ba.

Ƙannena, ku ma ku san abin yana da farashi. Sa'o'inku za su riga ku samun ƙarin girma a wurin aiki. Wanda ke tsakiyar neman lasisin aikin jinya ko injiniya, ya gama tukuna. Mai 'ya'ya ƙanana, Ostireliya da Birtaniya ba sa yarda da tafiya da yara a wannan biza. Ma'aurata kuma kowa tasa zai nema. Abin da na dawo da shi daga can shi ne sanin yadda ake neman aiki a garin da ba wanda ya san babana, da yadda ake riƙe kuɗi, da yadda ake tsare sallah ba mai tuna mini. Da na dawo na shiga neman aiki, a duk inda aka kira ni ganawa sai an tambaye ni shekarun nan biyu, kuma ina da abin faɗa.

Shawarata ga shugabannin ƙungiya, a buɗe rajista ta waɗanda suka taɓa yin wannan tafiya da ƙasar da kowa ya je, don mai niyya ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Ni a rubuta sunana a layin farko. Ku kuma da kuka haura 28, in kun koma gida yau ku buɗe durowa ku duba ranar da fasfonku zai ƙare.

Allah Ya ba ku sa'ar karatu, Ya tsare mu a gida da daji, Ya ja kwanan iyayenmu, Ya ƙara wa wannan ƙungiya albarka.