Shirun Yaro Ba Shaidar Wauta Ba Ne

Jawabin da aka gabatar a taron ƙungiya na shekara-shekara



An nemi mu yi magana a kan ilimi, kamar yadda aka saba neman tsofaffin malamai. A bana mun zaɓi mu yi magana a kan wasu yara da ba a cika ambatonsu a irin wannan zama ba, wato yaran da kunnensu ke ji amma bakinsu ba ya furta magana. Za mu fara da wani laifi namu, domin shi ya sa muka ɗauko batun.

Lokacin da muke shugabancin wata makarantar firamare, wani uba ya kawo mana ɗansa mai shekara bakwai. Yaron ba ya magana, ba ya haɗa ido da kowa, in an kaɗa ƙararrawa sai ya toshe kunnuwansa yana kuka. A ajinsu akwai alluna arba'in, kowane da lambarsa a baya. Kullum da safe yaron nan sai ya jera su daga 1 zuwa 40, ba ya kuskure. Muka ɗauka wasa ne. Bayan zango ɗaya muka kira uban, muka ce ya koma da shi gida, boko ba nasa ba ne. Ba wanda ya tambaya a cikinmu yadda aka yi yaron da muka ce bai san komai ba ya san cewa 19 tana gaban 20. Abin da aka koya mana ke nan a kwalejin horon malamai: ɗalibi ya tashi ya amsa, in bai amsa ba bai sani ba.

Sai bayan mun yi ritaya muka gane cewa alamomin nan sun yi kama da na lalurar da likitoci ke kira otizim, wadda wasu kafofin labarai na Hausa ke cewa galahanga. Lalura ce da ta shafi yadda ƙwaƙwalwa ke girma, tana bayyana tun yaro yana ƙarami. Wasu masu ita suna magana sarai, wasu kuma kaɗan suke furtawa ko ba sa furta komai. Tun daga 2008 Majalisar Ɗinkin Duniya ke ware ranar 2 ga Afrilu don wayar da kai a kanta.

Ku saurari labarin wata mata 'yar jihar Ohayo ta Amurka mai suna Jordyn Zimmerman. Ta yi shekaru a makarantu ana ɗaukarta marar fahimta, ana ba ta aikin ƙananan yara, in ta fusata a riƙe ta ko a keɓe ta a ɗaki. Sai da ta kai shekara 18 ta fara rubutu a kan iPad, na'urar tana karanta abin da ta rubuta da murya. Daga nan aka gane cewa duk tsawon shekarun nan tana ji, tana kuma fahimta. Ta kammala sakandare, ta yi digiri na farko a Jami'ar Ohayo, ta yi na biyu a fannin ilimi a Kwalejin Boston. A 2021 aka fitar da fim a kan rayuwarta, a 2022 kuma Shugaba Joe Biden ya naɗa ta cikin kwamitin da ke ba shugaban ƙasa shawara a kan masu naƙasar ƙwaƙwalwa. Ta shiga gwagwarmayar neman a bai wa kowane yaro irinta hanyar bayyana kansa tun da wuri.

A 2022 ɗin dai, a Kwalejin Rollins da ke jihar Fulorida, ɗalibai biyar suka kammala da maki mafi girma. Huɗun suka zaɓi ta biyar, Elizabeth Bonker, wadda ba ta magana, ta gabatar da jawabin yaye ɗalibai. Kwamfuta ce ta karanta jawabin a gaban taro.

A nan wajibi ne mu yi muku hannunka-mai-sanda. Elizabeth tana buga haruffa da yatsa ɗaya, wani yana riƙe mata allon, kuma masana suna da ja a kan hanyoyin da mai taimako ke sa hannu a cikinsu. A shekarun 1990 an gwada hanyar da ake riƙe hannun yaro yana rubutu: aka nuna wa yaro hoto daban, mai taimakonsa hoto daban, sai ga shi abin da ke fitowa a rubuce shi ne wanda mai taimakon ya gani. A 2018 ƙungiyar ƙwararru kan magana da ji ta Amurka ta gargaɗi jama'a a kan wannan hanya da wata makamanciyarta. Mu malamai mun san wannan ciwo, domin mun sha ganin takardar jarrabawa mai sunan ɗalibi amma basirar malami ce a ciki. Saboda haka abin da za a nufa shi ne yaro ya nuna da kansa, ya zaɓa da kansa, ko da kalma ɗaya ce a rana.

Kada kuma mu zaci cewa duk yaron da aka miƙa wa na'ura zai zama mai digiri. Da yawa ba za su kai can ba. Amma yaron da ya iya nuna cewa cikinsa ke ciwo, ko ƙishirwa yake ji, ko wani ya cuce shi, ya sami abin da ya fi takardar shaida.

Ba kuma lallai sai da na'ura mai tsada ba. Tun 1985 wasu ƙwararru biyu, Andy Bondy da Lori Frost, suka tsara hanyar musayar hotuna a jihar Delawaya: yaro ya ɗauki katin da ke da hoton abin da yake so ya miƙa, a ba shi abin nan take, har ya kai ga jera katuna su zama jimla. Hoton kofi, da kwano, da buta, da tabarma, wayar hannun kowannenmu tana iya ɗaukarsu. Binciken masana ya nuna cewa irin waɗannan hanyoyi ba sa hana yaro magana in zai yi, wasu ma suna ƙara samun kalmomi.

To, mene ne namu a ciki? A gidajenmu ana kiran irin yaran nan dolo ko wawa, wasu a ce 'yan ruwa ne, a ɓoye su a ƙuryar ɗaki in baƙi sun zo. Rashin sani ya fi dare duhu. Alhali dokar hana wariya ga masu naƙasa, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta tabbatar musu da haƙƙin neman ilimi kamar kowa.

Muna roƙon abu uku. Na farko, likitocinmu da ma'aikatan jinya da ke birane su ware kwana ɗaya in sun zo gida hutun salla, a duba yaran da suka wuce lokacin magana ba su yi ba, a fara da gwajin ji, domin a bambance kurma da wanda ba kurma ba. Na biyu, daga asusun tallafin karatu na ƙungiya a ɗauki nauyin malami ɗaya ko biyu su karanci ilimin masu buƙata ta musamman, a Jami'ar Bayero ta Kano, ko Jami'ar Jos, ko kwalejin tarayya da ke Oyo, bisa sharaɗin su dawo gida su koyar. Na uku, kowannenmu ya duba zuri'arsa. In akwai irin wannan yaro, a daina maganarsa a gabansa kamar ba ya nan, domin mai yiwuwa yana jin kome.

Yaron allunan nan yanzu magidanci ya kamata a ce ya zama. Mun gan shi bara a bakin tasha, yana zaune yana jera marafan kwalba a ƙasa. Mun gaishe shi da sunansa, ya ɗago kai. Nasa lokacin karatun ya wuce ta hannunmu, Allah Ya yafe mana. Na ƙannensa da 'ya'yan 'yan'uwansa yana hannunku.