Kalmar da Muke Rufe Wasiƙa da Ita



Kowace shekara muna koya wa 'yan aji shida rubutun wasiƙa da Turanci, mu ce su rufe da Yours sincerely. Su haddace, su rubuta, mu ba su maki. Ya kamata kuwa su san abin da suke sa wa hannu.

Kalmar sincerely gida biyu ta haɗa. Gangar jikinta daga Latin take, harshen Rumawa, inda sincerus ke nufin abu tsantsa, wanda ba a yi masa gauraye ba. Ta shiga Turanci a ƙarni na 16. Masana da yawa suna kai ta can baya, ga tsohon harshen da ya haifi Latin da Girkanci da Sanskirit. A can saiwar sem tana nufin “ɗaya”, ker kuma “tsiro”, wato abin da ya tsiro daga tushe guda. Daga sem ɗin nan aka sami same da simple. Bahaushe ma haka ya hango al'amarin, shi ya sa yake cewa “da zuciya ɗaya”.

Wutsiyarta kuwa, wato -ly, 'yar gida ce a Ingila. A tsohon Turanci -lice ake cewa, daga lic, ma'ana jiki ko siffa. Har yau Leiche Jamusawa ke kiran gawa. Idan an haɗa biyun, ma'anar ita ce yin abu cikin siffar tsarkin zuciya.

Sai dai akwai gargaɗi. Wani labari yana yawo cewa kalmar daga sine cera take, wato “babu kaki”, wai masassaƙan Rum suna toshe tsagar dutse da kakin zuma don su cuci mai saye. Labarin da daɗin ji, amma ba shi da madogara a rubuce-rubucen Rumawa, masana harshe kuma sun yi watsi da shi. Yaro ba ya tuhumar malaminsa. Abin da muka faɗa masa da shi zai girma, har ya koyar da wasu. Abin kunya ne a koyar da kalmar gaskiya da labarin ƙarya.

Saboda haka idan mun zo darasin wasiƙa, mu ba kalmar nan minti biyar. Mu rubuta “da zuciya ɗaya” a gefenta a kan allo, mu tambayi yaran ko abin da suka rubuta ya cancanci a rufe shi da ita.

Allah Ya sa albarka a aikinmu.