Mazan Jiya a Gaban Alƙali: Laccar da Aka Gabatar wa Ɗalibai



Batun da zan yi magana a kansa shi ne yadda ƙasar Amurka take shari'ar tsofaffin sojojinta idan suka yi laifi bayan sun ajiye kaki.

Da farko ya kamata mu san cewa soja in an sallame shi, ya fita daga hannun kotun soja. Kotun Ƙolin Amurka ta tabbatar da haka a 1955, cikin shari'ar Toth da Quarles. Saboda haka in ya yi sata ko ya tuƙa mota a buge, gaban alƙalin gari za a kai shi, kuma lauyan gunduma ne zai gabatar da ƙara, kamar yadda ake yi wa kowane talaka.

To, amma da yawa daga cikin waɗanda suka komo daga Biyetnam, da Iraƙi, da Afganistan, sun komo da ciwon da ido ba ya gani, watau firgita da rashin barci da saurin fushi. Likitocin Amurka ba su sa wannan cuta cikin littafinsu na cututtukan ƙwaƙwalwa ba sai a 1980. Mai fama da ita yakan nemi sauƙi a wurin giya ko ƙwaya, daga nan sai hannun 'yan sanda. A ɗaure shi, ya fito, ya sake komawa.

Wannan ne ya sa Alƙali Robert Russell ya buɗe kotu ta musamman a Buffalo, Jihar New York, cikin Janairun 2008. An yi makamanciyarta a Anchorage ta Alaska tun 2004, amma tsarin Buffalo ne ya bazu, har kotunan suka kai ɗaruruwa. Asalin dabarar kuwa daga kotun masu shaye-shaye take, wadda aka fara a Miami a 1989.

Ga yadda abin yake. Ba a tilasta wa kowa shiga, kuma galibi sai mai gabatar da ƙara ya yarda. Wanda ya shiga zai yi shekara ɗaya ko fiye yana shan magani, ana gwada fitsarinsa, yana bayyana gaban alƙali a kai a kai. Sa'an nan a haɗa shi da wani tsohon soja da zai zama masa uban ɗaki, domin mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. In ya kammala, a kori ƙarar ko a sassauta hukunci. In ya saɓa, hukuncin farko yana nan yana jiransa.

Akwai masu suka, kuma maganarsu tana da nauyi. Suna cewa laifi ɗaya, yaya za a yi masa ma'auni biyu? Macen da aka yi wa fyaɗe ita ma tana firgita, me ya sa ba ta da tata kotun? Har wa yau, in tsohon soja ya daki matarsa, haƙƙin matar fa? Shi ya sa kotuna da yawa ba sa karɓar manyan laifuffuka.

Masu goyon baya sukan kafa hujja da shari'ar Porter da McCollum ta 2009, inda Kotun Ƙoli ta ga aibun lauyan da bai faɗa wa kotu wahalar da wanda yake karewa ya sha a yaƙin Koriya ba. Hukuma ce ta aike shi fagen fama, lalle tana da rabo cikin abin da ya same shi.

Jama'a, a ganina sassaucin ya dace, muddin ciwon ne dalilinsa, kuma an saurari wanda aka cuta. Kaki kaɗai ba ya wanke mai laifi. Cikinku akwai alƙalai da manyan sakatarori na gobe, mu ma kuwa muna da mazan da suka komo daga Laberiya da Saliyo da dajin Sambisa. Ran da ɗayansu ya tsaya gabanku, ku tambayi abin da ya aikata, kana ku tambayi abin da ya gani.