Abin da Hajiya Maryam Babangida ta bar mana

Bana mu 'yan ajin yaƙi da jahilci aka ce mu yi jawabi, kuma da hannunmu muka rubuta wannan takarda bayan mun taso daga kasuwa. In kun ji mun yi tuntuɓe, a yi mana haƙuri.

A watan Satumba na 1987, Hajiya Maryam Babangida, uwargidan shugaban ƙasa Janar Ibrahim Babangida, ta ƙaddamar da shirin Better Life domin kyautata rayuwar matan karkara. Lokacin wasunmu na goye, wasu na talla. Iyayenmu mata ne suka ba mu labari. Aka ce mata su haɗa kai su yi rajistar ƙungiya, sai a taimaka musu da injin niƙa, keken ɗinki da rance. Aka buɗe ajujuwan karatun manya. Aka riƙa shirya baje koli, macen ƙauye ta kai man gyaɗarta da saƙarta birni ta sayar da kanta. A 1989 gwamnati ta kafa hukumar kula da harkokin mata ta ƙasa, a 1992 kuma aka buɗe cibiyar mata a Abuja, wadda yau take ɗauke da sunanta. Ta rasu ranar 27 ga Disamba, 2009 a Amurka, aka binne ta a Minna. Allah ya jiƙanta.

To amma mu faɗa wa juna gaskiya. Tun a wancan lokaci akwai masu cewa matan manya na birni sun fi matan ƙauye cin moriyar shirin. Da mulki ya canza a 1993, shirin ya bi masu shi, wata uwargidan ta zo da nata. Injina da yawa suka yi tsatsa, don ba a ware kuɗin gyara ba, kowa na jiran wanda ya kawo ya dawo ya gyara. Ƙungiyoyin da suka rayu su ne waɗanda suka riƙe zubi, suka riƙe littafi. Wannan shi ne gadon da muka ci daga gare ta: mata su zauna tare, su tara nasu, su rubuta abin da suka tara.

Me ya sa muka ɗauko wannan zance yau? Saboda mu ma mun kusa faɗawa ramin. Kun tuna bara da sakatariyarmu ta haihu, wata biyu babu mai iya buɗe littafi? Wannan ta ce ta biya, waccan ta ce ba ta gani ba, har aminai biyu suka daina gaisawa a kan kuɗin zubi. Wallahi kunyar wannan ce ta kai mu aji. Ance gemu ba ya hana ilimi, to goyo ma ba ya hanawa. Yanzu muna karanta rasit, muna rubuta bashin da ake ci a rumfa, muna duba saƙon banki a waya ba sai mun kira yaro ba.

Ga kuma injin markaɗenmu, tun damina yake kwance. Wasu sun ce mu jira lokacin zaɓe, 'yan siyasa za su kawo sabo. Iyayenmu sun yi irin wannan jira, mun ga inda ya ƙare.

Roƙonmu uku ne. Na farko, a taro mai zuwa mu amince a riƙa cire wani abu daga kuɗin markaɗe ana ajiyewa don gyara kaɗai. Na biyu, masu bashin ƙungiya su biya, ko da kaɗan-kaɗan ne, don wata na layi tana jira. Na uku, ga mazajenmu: Malamai, ku bar matanku su zo aji. Tsakanin azahar da la'asar ne, tuwon dare ba zai makara ba.

Allah ya ƙara haɗa kanmu, ya sa albarka a sana'armu, ya maimaita mana.